Farar Rigar Baba Mai Agogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu shaguna. Mai girma babbar baƙuwarmu, jami'a daga ofishin haraji, wadda ta baro teburinta da layin mutane ta zo ta zauna da mu a ƙarƙashin rumfa. Wakilin mai gini, wanda muka saba gani ranar ɗaya ga wata kawai, yau ga shi a tsakiyar wata kuma babu littafi a hannunsa. Sakatare da ma'aji. Dattawanmu maza da mata. 'Yan'uwana masu ɗinki, masu aski da masu kitso, masu gyaran waya, masu hoto, masu takalma da masu turare. Waɗanda suka samu kujera da waɗanda suka jingina da bango. Har da waɗanda suka bar ƙofar shago a buɗe suna saurarena da kunne ɗaya, ɗayan yana jiran mai saye: ina gaishe ku gaba ɗaya, sannunku da zuwa, sannunku da haƙuri da rana.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa waɗanda suka jera kujeru, da wanda ya ba mu aron wuta daga shagonsa. Ina kuma gode wa shugaba da ya miƙo mini lasifika, alhali ya san ni, ya san bakina, ya kuma san in na kama ta ba a karɓewa da sauƙi. Ya ce mini minti goma. Na ce to. Shi ma ya san "to" ɗin mai ɗinki, irin wanda muke ce wa mai kaya ne in ya ce ranar Laraba zai zo karɓa.

An ce in yi magana a kan wa'adin haraji: yaushe ake miƙa fom ɗin bayyana abin da mutum ya samu a shekara, yaushe ake biya, da yadda za mu riƙe ranakun nan kada su wuce mu muna hamma. Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci: a rasa wadda za a ba wannan magana sai matar da aka ci tara bana? To, ai shi ya sa aka ba ni. Amma kafin in shiga, akwai abin da nake so kowa ya riƙe tun yanzu, domin shi ne ya fito da ni gaban jama'a, ba harajin ba. Baba Mai Agogo, ga shi can zaune a kujerar ƙarshe kusa da matakala, ya shaida wa wakilin mai gini cewa ba zai sabunta hayar shagonsa ba. Saura kwana goma sha shida hayar ta ƙare. Dokar ginin nan kun san ta, ba a sabunta wa kowa sai ya kawo takardar shaidar biyan haraji. Shi kuwa Baba har yau bai je ofishin ba, ya kuma ce ba zai je ba. Shekara talatin da ɗaya yana wannan shago. Ina da hannu a tafiyar tasa, ku ma kuna da hannu, kuma zan faɗi yadda aka yi a gaban baƙuwarmu ko da kunya za ta kashe ni.

Ranki ya daɗe, shekara uku da suka wuce kin aiko mana da takardar yabo. Tana nan a ofishin ƙungiya cikin gilashi, sakatare yana goge ta duk safiya. Kin rubuta cewa a duk yankin da kike kula da shi babu ginin da mutanensa ke miƙa fom a kan lokaci kamar namu: shago ashirin da shida, babu mai latti ko ɗaya. Kin ce mu abin koyi ne. Muka karɓa, muka yi hoto, muka kumbura. Yau zan gaya miki abin da muka ɓoye miki. A cikinmu babu wanda ya san ranar. Wallahi babu ko ɗaya. Riga muke kallo.

Bari in yi miki bayani. Shagon Baba shi ne na farko in an shigo ƙofa, ɗan ƙarami, gilashi a gaba, agoguna a bango kowanne da lokacin da yake nunawa. Kayan aikinsa kuwa kowa ya san su: wata tsohuwar riga ruwan toka wadda aljihunta ya zazzago saboda nauyin sukurdireba da ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido. Ita ce jiya, ita ce yau, ita ce gobe. Amma sau biyu a shekara, sai ka ga Baba ya shigo da farar riga mai dogon hannu, ta sha sitaci ta sha guga, har kana jin ƙararta in ya lanƙwasa hannu, ga fayil ruwan ƙasa a hammata. Ba ya buɗe shago ranar. Zai leƙa ya duba kwaɗo, ya gaisa da na kusa, ya juya ya nufi ofishinku.

Mai aski ne ke fara ganinsa, don shagonsa na kallon ƙofa. Sai ya bar mutum da rabin kai a kujera, ya fito tsakar gini ya ɗaga murya: "Jama'a, Baba ya sa riga!" Ranki ya daɗe, da ma kin taɓa ganin ginin nan a irin wannan rana. Mai hoto na jan akwatuna yana neman rasit. Mai turare na rantsuwa cewa a ƙarƙashin kantar shagonsa ya ajiye fom, an ɗauke. Ni kuwa ina zazzage kwandon ƙyallaye, domin rasit ɗina da guntayen yadi wuri ɗaya suke kwana. Cikin mako guda sai ki ga mun cika miki layi, muna ta fara'a kamar mutanen kirki. Kuma kullum muna isa da sauran kwanaki, domin rigar ba ta taɓa fitowa a ƙurarren lokaci ba. Shekara goma sha tara ina ginin nan, haka na tarar ana yi, haka na bi, ban taɓa tambayar ko nawa ga wata ba.

Sai bana. Watan ɗaya ya wuce, Baba na cikin ruwan toka. Watan biyu ya wuce, ruwan toka. Watan uku ya shigo ya raba, na fara jin wani abu a raina, na je wurin mai aski na ce, "Kai, anya lokacin fom bai yi ba kuwa?" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Anti, kin ga Baba ya sa riga?" Na ce a'a. Ya ce, "To koma ki yi ɗinkinki. Ƙila an ɗaga ne." Na koma na yi ɗinkina hankali kwance. Akwai mutum uku da suka kama shago a sama bara, ba su san zancen riga ba, muka ga sun ɗauki takardu sun tafi. Dariya muka yi musu. Ni da bakina na ce baƙi ne, rawar kai ke damunsu. Ga su can a jere suna murmushi, ku yi abinku, ranarku ce.

A ƙarshen watan huɗu wata makaranta ta neme ni da ɗinkin kayan ɗalibai, aikin da zai riƙe ni da masu aikina wata uku cur. Suka ce in kawo takardar shaidar haraji. Na ci kwalliya, na ɗaura ɗankwali, na je ofis ina taku. Ma'aikacin da ke taga ya danna kwamfuta, ya dube ni, ya sake duban kwamfuta. Ya ce, "Hajiya, ba ki miƙa na bana ba." Na ce, "Ai lokaci bai yi ba." Ya ce, "Ya yi, har ya wuce da kwana ashirin da takwas." Ku ji amsar da na ba shi, a gaban mutane, da ƙarfin gwiwata: "Ba zai yiwu ba, Baba bai sa riga ba." Bawan Allah nan ya cire tabarau ya ce, "Wane Baba? Wace riga?" A nan na san na yi abin kunya. Ya rubuta mini tara, ya ce takardar sai bayan mako guda. Makaranta ba ta jira ba, ta ba wata aikin.

Kafin la'asar labari ya zaga. Shago ashirin da uku, kowa da tararsa. To, a nan ne nawa laifin ya shigo. Ban ko ajiye jaka ba, na wuce shagon Baba raina a ɓace, mutane suka biyo ni a baya. Yana sunkuye a kan wani agogon hannu. Na ce, "Baba, haka ake yi? Ka san kowa kai yake kallo, ka zauna ka yi shiru har aka ci mu tara? In ba za ka je ba ai sai ka faɗa!" Na faɗi wannan, na faɗi abin da ya fi wannan, na bayana suna cewa gaskiya ne, gaskiya ne. Dattijon da ya isa ya haife ni, ina tsaye a kansa ina nuna shi da yatsa.

Ya cire madubin daga ido, ya ajiye a hankali. Ya ce, "'Yata, wa'adin ya wuce?" Na ce ya wuce. Sannan ya ce, "Ni ma ban taɓa sanin ranar ba. Innarku ce ta sani. In na tashi da safe na ga ta goge farar riga ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, ta ɗora fayil a kan kujera, to na san ranar ofis ce. Bana na yi ta duba ƙusar, ban ga komai ba."

Jama'a, Inna, matar Baba, ta rasu a watan goma sha biyu. Dukanmu mun je gaisuwa. Mun zauna a tabarma, mun yi addu'a, mun ce Allah ya ba da haƙuri, mun dawo mun buɗe shagunanmu. Matar nan ba ta taɓa riƙe shago a ginin nan ba, da yawanmu ko fuskarta ba mu sani ba, amma ita ce ta riƙe mana ranakunmu duk shekarun nan daga cikin ɗakinta. Takardar yabon da ke cikin gilashi tata ce. Na fito daga shagon Baba, kuma tun da nake ban taɓa jin na tsani bakina kamar ranar ba.

Bayan mako guda na yi ta maza na je gidan ba da haƙuri. Ban tarar da Baba ba, sai babbar 'yarsa, malamar asibiti ce. Da na gama ba ta labari ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi irin na 'yan makaranta, bangonsa duk ya sha mai, ta ce a saman kabad ɗin kicin suka same shi, ba wanda ya iya buɗewa saboda kewarta. Muka buɗe tare. Da izininta na zo da shi yau, ga shi a hannuna. Duk abin da zan gaya muku daga nan ba daga kaina ba ne, kun dai ga inda kaina ya kai ni. Daga littafin Inna ne, kuma na nuna wa baƙuwarmu kafin a fara zama, ta ce babu gyara.

Na farko, ranakun biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai ranar miƙa fom, akwai ranar biya. A shafin kowace shekara Inna ta ja layi a tsakiya, ta rubuta "kai takarda" a dama, "kai kuɗi" a hagu. Wanda ya miƙa bai biya ba bai gama ba, wanda ya biya bai miƙa ba shi ma bai gama ba, kuma kowanne da tararsa. A takardar da aka rarraba muku ɗazu, wadda na ga wasu sun mai da ita mafici, za ku ga miƙa fom ƙarshen watan uku ne, biya kuma ƙarshen watan shida. Na farkon ya riga ya yi mana abin da ya yi. Na biyun yana tafe, saura mako shida. Ku daina fifita da takardar nan, ku ninke ta ku sa a aljihu.

Na biyu, kuma shi ne ya fi burge ni: Inna ba ta taɓa gaya wa Baba ranar gaskiya ba. Ranar gaskiya tana rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi, sai ta ƙirga kwana goma baya ta zagaye wannan da jan biro. Ranar jan biro ake goge riga. Ta san mijinta, ta san in aka ce masa akwai sauran lokaci zai tsaya gyara wa wani agogo. Ta san ofis ma: wata rana layi ne har waje, wata rana kwamfuta ta ƙi, wata rana ka isa taga a ce takarda ɗaya ta ɓace ka koma gida. Kwana goman nan su ne suka yi ta rufa mana asiri ba mu sani ba. Saboda haka kowa ya yi wa kansa irin wannan dabarar. Masu waya ku sa ta yi muku ƙara, masu kalanda ku zagaye da jan biro, wanda ba shi da ko ɗaya ya rubuta da alli a bangon shagonsa. Wakilin mai gini ya ɗaure fuska. To, a bayan ƙofa, inda ba zai gani ba.

Na uku, rasit. A nan kam kowa ya sunkuyar da kai, ni ce ta farko. Inna tana da ambulan goma sha biyu, kowane wata da nasa. Duk yamma in Baba ya dawo sai ta zazzage aljihun rigar nan ruwan toka: rasit ɗin batir, na gilashi, na maɗauri, na haya, na wuta, kowanne ya shiga ambulan ɗinsa. Ƙarshen wata ta haɗa, ta rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, layi biyu kacal. In lokacin fom ya yi, aikin rabin awa ne. Mu kuwa fa? Mai gyaran waya ya taɓa kai wa ofis rasit ɗin da ya naɗe sukurori da shi. Mai hoto ya kai wanda ruwa ya wanke, babu abin da ya rage sai tambarin shagon da ya ba shi. Ni na taɓa ɗinke rasit ɗin keken ɗinki a cikin kafaɗar rigar wani ango, sai da na farke ta na ciro. Ambulan goma sha biyu nawa ne kuɗinsu, jama'a? Bai kai kuɗin shayin da muke sha kafin azahar ba.

Na huɗu gajere ne. Tana da gwangwanin madara babba, duk ƙarshen mako ta jefa wani abu a ciki, na haraji ne, ba a taɓawa ko baƙi sun zo. Shi ya sa ba mu taɓa ganin Baba yana zagaya shaguna neman rance a watan shida ba, alhali mu a watan nan gaisuwarmu ma canjawa take yi, kowa ya zama mai ladabi.

Na biyar, kada ka ce bara haka aka yi. A farkon kowace shekara akwai layi ɗaya da take maimaitawa: "A tambayo ko sun canja rana." Sau biyu a littafin nan na ga ta soke rana ta rubuta wata. Tambaya ba a biyan ta, kuma baƙuwarmu ta ce ƙofarta a buɗe take. In kuma ka miƙa, kada ka baro taga sai an buga maka hatimi a kwafinka, ka zo ka adana shi inda ɓera da ruwan sama ba sa kaiwa.

Sai kuma shawarar da nake kawowa gaban ƙungiya. A kafa allo a gindin matakala, inda kowa ke wucewa, a rubuta ranakun nan biyu da manyan baƙaƙe, da ranakun jan biro a gefensu. A ɗora wa mutum biyu alhakinsa duk shekara, ba mutum ɗaya ba, kuma a riƙa canja su. Ina ba da sunan ɗaya daga cikin baƙin nan uku da muka yi wa dariya, na biyun kuma mai aski, tun da Allah ya ba shi murya, ya yi amfani da ita a kan abin da ya karanta, ba abin da ya hango ba. Amma ku ji ni da kyau: allon tuni ne kawai. Harajin kowa da sunansa ake rubuta shi, tarar kowa da sunansa ake rubuta ta. Ranar da na tsaya a taga, ba wanda ya tambaye ni sunan ƙungiyata.

Shugaba yana nuna mini agogo. Na gani, ranka ya daɗe, kuma na san wanda ya gyara maka shi, don haka ba zan yi musu da lokacinsa ba. Saura abu ɗaya.

Shafin ƙarshe da aka yi rubutu a littafin nan na bana ne. Inna ta rubuta shi tana kwance, hannun ya karkace, amma ana karantawa. Ta ja layinta a tsakiya, ta rubuta ranakun biyu, ta ƙirga kwana goma baya, ta zagaye da jan biro. A gefe ta sa: "A goge wa maigida riga. Kuɗin suna gwangwani." Ta san ba za ta kai ba, ta bar saƙo, sai dai ba wanda ya iya buɗe littafin. 'Yarta ta duba gwangwanin, kuɗin suna nan, sun isa harajin har da tarar. Ambulan ɗin suna nan a ɗaure, goma sha ɗaya da rubutunta, na ƙarshen ne kawai babu. Ba rashin kuɗi ne ya hana Baba zuwa ofis ba. Ya gaya wa 'yarsa abu biyu: ba zai iya kwance ɗaurin da ta yi ba, kuma ba zai iya ci gaba da zama a bakin ƙofa yana kallon idon mutanen da ya jawo wa asara ba.

Baba, na farkon ba ni da maganinsa, sai Allah. Amma na biyun namu ne, kuma yau za a gama da shi. Ba ka jawo wa kowa asara ba. Ba ka taɓa cewa a kalle ka ba, ba ka taɓa karɓar ladan kowa ba. Mu ne muka ɗora maka kaya ba tare da mun gaya maka ba, muka ci moriyarsa shekara da shekaru ba mu taɓa cewa an gode ba, ranar da ya faɗi kuma muka zo da yatsa. Ni ce na fara, a gaban mutane na yi, don haka a gaban mutane nake roƙo: Baba, ka yafe mini. Na yi maka rashin kunya a lokacin da kake cikin abin da ya fi ƙarfin tara, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Jama'a, ina roƙon ku abu ɗaya. Duk wanda aka ci tara bana, kuma ya san sakacinsa ne ya jawo masa ba wani ba, ya miƙe tsaye. Wanda yake ganin laifin Baba ne ya zauna abinsa, ba za a ce masa komai ba. Mai aski ya riga kowa. Mai hoto. Mai turare, ajiye wayar ka tashi. Shugaba ma ya miƙe. Ku baƙin sama ku zauna, wannan layin ba naku ba ne. Baba, ɗago ka duba. Ƙirga su da kanka, kai ne mai lissafin daƙiƙa. Ashirin da biyu ne da ni, babu wanda ya rage a zaune.

Baƙuwarmu ta tabbatar mini cewa in aka miƙa gobe aka biya, takarda za ta fito cikin mako guda, wakilin mai gini kuma ya ce bai ba kowa shagon ba tukuna. Gobe ba zan buɗe nawa ba. Zan zo gida, ni da 'yarka mu kwance ambulan ɗin a gabanka, mu cika na ƙarshen, in riƙe maka fayil har taga. Ba na so in shigo ƙofar nan wata rana in ga ana sayar da wani abu a inda agogunanka suke. Baba, in zo?

Ku yi shiru mana, jama'a, yana magana. Ban ji ba, Baba. Mai turare, kai ne kusa, me ya ce?

Ya ce in zo da tara saura kwata. Ya ce kuma tara saura kwata ta agogo, ba ta masu ɗinki ba.

To, alhamdu lillahi. Ku bar ni in share fuskata, kwallin nan ba na kirki ba ne.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta, ya saka mata da alherin da ta yi wa mutanen da ba su san ta ba. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da haƙuri, ya bar mana shi a bakin ƙofa. Allah ya saka wa baƙuwarmu, ya sa in mun zo tagarta ta gan mu da sauran kwanaki. Allah ya sa albarka a shagunanmu da iyalanmu, ya ba mu ciniki na halal, ya ba mu ikon sauke abin da ke kanmu a kan lokacinsa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, ga lasifikarka. Baba, sai da safe. Na gode.